Teburin aikin kafinta a gida: wane fasali, wane katako?

Malamin Firamare: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar manya nake nema. Koyarwa ce sana'ata, amma ina da zarto da filen da kurfi, kuma da yamma nakan haɗa kantar littattafai da kujerun tsuguno, in gyara bencinan makarantarmu idan sun karye. Har yanzu a ƙasa nake aiki, ko a kan wani tsohon teburin cin abinci da yake rawa da zarar na tura filen. Ina so in haɗa teburin aiki na gaske. Na ga wani a YouTube, irin na Faransa da suke kira Roubo, kaurin samansa inci 4 ko 5, ƙafafunsa manya sun huda saman sun fito. Ya shiga raina ƙwarai. Niyyata in yi shi da maɗaci zalla, tsawon ƙafa 8. A Kano nake, gidan haya, kuma a zaure zan ajiye shi. Me kuka gani?

Baba Kafinta Zariya: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya yi wa niyyar albarka. Kafin mu je ga fasali, amsa mini abu biyu. Ƙofar zauren nan faɗinta nawa? Kuma katakon yaushe za ka saya, yaushe za ka fara aiki da shi?

Malamin Firamare: Baba, Allah ya ƙara girma. Ƙofar ba ta kai ƙafa 3 ba. Katako kuwa so nake in shiga 'Yan Katako a Na'ibawa ƙarshen watan nan na Oktoba idan an yi albashi, in fara aiki a satin.

Baba Kafinta Zariya: To nan ne zan tsayar da kai, ɗana. Katakon da kake gani a kasuwa yawancinsa daga kudu ya taso, daga dazukan Ondo da Edo da Kuros Riba, wani kuma daga Taraba. An sare shi da damina, an tsaga, an loda a tirela da ruwansa. Ka taɓa shi za ka ji sanyi, ka ɗaga za ka ji nauyin da ba nasa ba ne. Idan ka haɗa tebur da shi a ƙarshen Oktoba, hunturu na shigowa zai tsotse ruwan nan cikin gaggawa. Kafin Fabrairu saman ya buɗe baki tsakanin katako da katako, wani ya murɗe, ramukan da ka shigar da ƙafafu sun saki, teburin ya koma rawa kamar wanda kake gudu. Katako ba ya raguwa a tsawonsa sai ɗan abin da ba a lura da shi, a faɗi yake tsukewa, kuma a faɗin nan duk haɗin tebur yake. Ka saya a Oktoban, wannan daidai ne. Amma ka jera shi a inuwa, ka ɗaga shi daga ƙasa a kan bulo, ka sa ƙananan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, ka shafa fenti a bakin kowanne don kada ya tsage ta ƙarshe, ka danne saman da abu mai nauyi. Kada rana ta taɓa shi. Ka bar hunturu ya yi maka aikinsa, ka fara naka a Fabrairu ko Maris.

Mai Walda Panteka: Da izinin Baba. Malam, me ya sa za ka jira wata huɗu? Ka zo da awonka a haɗa maka ƙafafu da fayif mai kusurwa huɗu, inci 2, mai kauri. Ka sayi filawud inci uku bisa huɗu guda ɗaya, ƙafa 4 da ƙafa 8 yake zuwa, a raba shi biyu ta tsawo, ka manna su da gam, ka ɗora. Gara ba ta cin ƙarfe, hunturu ba ya murɗa shi. Ranar Asabar a gama, ranar Lahadi ka fara aiki.

Baba Kafinta Zariya: Maigida, ban raina ƙarfe ba, amma aikin ne ya bambanta. Wanda yake da injin yanka da injin goge katako, tebur wurin ɗora kaya ne kawai a wajensa, naka ya ishe shi. Malam da hannu yake aiki. Idan ya dasa kurfi ya buga guduma, so ake bugun ya tafi cikin katakon da ake hudawa. Firam ɗin fayif yana mayar da bugun, yana ƙara, a ji shi har gidan maƙwabta. Sannan ba shi da nauyi, filen zai riƙa tura shi gaba.

Mai Walda Panteka: Maganar nauyi tana da magani, Baba. A cika fayif ɗin da yashi kafin a rufe bakinsa, a yi kanta a ƙasa a ɗora bulo ko akwatin kayan aiki. Na yi wa kafintoci irinsa a nan Kaduna, suna amfani da shi.

Injiniya: Dabarar yashi tana aiki, tana rage ƙara ma. Inda filawud yake gazawa shi ne gyara. Saman tebur na katako idan ya lotsa ko ya cika sara, filen za ka bi da shi ya dawo sabo. Filawud da ka goge fatar sama ka isa ga gam da layin da ya gitta, shi ke nan. Kuma yawancin wanda ake sayarwa yanzu cikinsa akwai ramuka. MDF kuwa, allon nan da ake yi da garin katako da gam, kada ma a kawo shi zaure, ruwan damina ɗaya ya fantsamo ya kumbura.

Malam, bari in ba ka lissafi ka auna da kanka. Sama mai tsawon ƙafa 6, faɗin ƙafa 2, kaurin inci 3, idan loko ne busasshe zai kai wajen kilo 55. Maɗaci ya fi haka nauyi. Wanda kake so, ƙafa 8 da kaurin inci 5 na maɗaci, saman kaɗai ya haura kilo 130, ba a sa ƙafafu ba. Ranar da mai gida ya ce yana son gidansa, mutum nawa za ka tara, kuma ta wace ƙofa? Shi wancan fasalin na Faransa na ƙarni na 18 ne, an yi shi don manyan shaguna inda tebur yake zama wuri ɗaya har mai shi ya tsufa.

Akwai wani fasalin, na Ingila, da ake kira Nicholson. Samansa bai fi inci 2 ba, ƙarfinsa yana cikin faffaɗan falanki biyu da ake kafawa a tsaye a gaba da baya, faɗin inci 10 zuwa 12, da ƙananan katakai da suke gittawa a ƙarƙashin saman. Falankin nan su ne suke hana shi rawa. Katakonsa kaɗan ne, kuma irin wanda ake samu a kasuwarmu ne, tu-bai-twal da tu-bai-fo, wato mai kaurin inci 2 da faɗin inci 12, da mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4.

Malamin Firamare: Injiniya na gode, lissafin ya shige ni. Amma kaurin saman nan ne ya ja hankalina. Ba yadda za a yi in samu kauri ba tare da wannan nauyin ba?

Injiniya: Akwai. Ka sayi tu-bai-fo guda 7 masu tsawon ƙafa 12, ka raba kowanne biyu, ka samu 14 masu ƙafa 6. Ka goge fuskokinsu, ka tsayar da su a kan gefensu, ka manna su fuska da fuska. Za ka samu faɗin kusan inci 24 da kaurin inci 3 da wani abu bayan gogewa. Ka sayi guda biyu ƙari, domin bayan bushewa wasu za su murɗe su fita daga lissafi. Ka tafi da tef kasuwa, abin da ake kira tu-bai-fo sau da yawa bai cika ba. Kada kuma ka manna duka rana ɗaya, farin gam yana saurin kamawa a zafin Maris. Uku-uku ko huɗu-huɗu, sannan ka haɗa rukunan.

Ɗan Kumasi: Salam jama'a. A nan Kumasi idan ka shiga Sokoban inda kafintoci suka taru, teburan aikin da yawa ba na odum ba ne, wato lokonku. Odum ana adana shi don ƙofa da taga da kayan da za a sayar. Wawa ake sa wa a sama, wanda kuke kira obeche. Kuma akwai hikima a ciki. Idan saman tebur ya fi kayan da kake haɗawa tauri, duk abin da ya faɗi ko aka danna, kayan ne zai ji rauni. Gara teburin ya ɗauki tabon. Sannan mai laushi ba ya santsi, katako yana zama a kansa.

Baba Kafinta Zariya: Gaskiyarka a kan laushi, ɗan'uwa. Sai dai obeche ya cika rashin nauyi, kuma ƙwaron nan mai mayar da katako gari yana son sa ƙwarai. Ni a Arewa malaina zan ce. Ba ta da tsada, tana karɓar filen da gam, kuma idan ta bushe ba ta cika motsi ba. Aibinta ɗaya, tana da jinkirin bushewa, ruwa yana ɓuya a cikinta. Ita ce ma ta fi bukatar jiran da na faɗa. Loko kuwa banda tsada, ƙurarsa tana sa wasu tari da ƙaiƙayi, kuma akan ci karo da wani abu kamar dutse a cikinsa da yake dakushe bakin filen.

Matashi Mai Koyo: Oga, me zai hana maɗobiya? Wani a unguwarmu yana da ita, jar nan mai kyau, ya ce ko shekara ɗari ba abin da zai same ta.

Maman 'Yan Biyu: Ƙanena, don Allah a bar maɗobiya ta huta. Ni 'yar Taraba ce. A idonmu aka yi ta lodinta a tirela ana kaiwa tashar jirgin ruwa zuwa Sin, har dazukan da muka sani suka zama fili. Makiyaya ma sun ji a jikinsu, domin ganyenta dabbobi suke ci da rani. Tun 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa saboda wannan ɓarnar. Itacen da ya yi shekaru masu yawa yana girma, a ce a kansa za a riƙa sara da zubar da gam? Raina ba ya so.

Matashi Mai Koyo: Na fahimta, Yaya. Allah ya saka.

Ɗan Yamai: Mu nan Yamai katako daga waje yake zuwa mana, tsadarsa ta fi taku. A kasuwar Katako abin da ya fi rufa mana asiri shi ne tsohon katako: dogaran ƙofa da aka cire daga gidajen da aka rushe, da katakon rufi. Ya shekara ashirin ko talatin yana shan hunturu, ya gama duk motsin da zai yi. Malam, ka nemi irinsa don ƙafafu. Idan ka dace da kawo, ka samu ƙafar da za ta riƙe kowane irin sama, kuma gara ba ta cika kula shi ba. Ka dai bi shi a hankali ka zare ƙusoshi kafin ka ɗora masa filen. Wasu suna amfani da katakon falet, dandamalin nan da ake ɗora kaya a kai wajen lodi, amma a duba tambarin da ke jikinsa. Mai HT da zafi aka gasa shi, ba laifi. Mai MB da maganin ƙwari mai guba aka turara shi, a bar shi.

Malamin Firamare: Wannan shawarar ta tsohon dogaran ƙofa ban taɓa kawo ta a raina ba. To yaya zan haɗa ƙafafun yadda zan iya kwancewa ranar tashi, kuma ba zai yi rawa ba?

Baba Kafinta Zariya: Ka yi shi gida uku. Ƙafa biyu na dama ka haɗa su da katako biyu masu gittawa, sama da ƙasa, ka huda rami a ƙafa, ka sassaƙa harshe a jikin mai gittawar, ka shigar da gam, ka soke da turakun katako. Wannan ya zama firam ɗaya da ba za a sake kwancewa ba. Na hagu ma haka. Sai dogaye biyu da za su haɗa firam ɗin dama da na hagu. Su kada ka sa musu gam. Gajeren harshe ya shiga rami, sannan dogon bolti ya ratsa ƙafa ya shiga cikinsu, ka huda wani rami a gefe inda noti zai zauna. Duk hunturu ka ɗauki sifana ka ƙara ɗaurewa. Dogayen nan su yi faɗi, inci 6 aƙalla, domin faɗinsu ne yake hana tebur tafiya gaba da baya. Saman kuma ka ɗora shi, ka kama shi ta ƙasa da manyan sukurori, amma ramukan baya ka ɗan tsawaita su don saman ya samu wurin buɗewa da damina da tsukewa da rani. Idan ka ɗaure shi tam ta ko'ina, da kansa zai tsage. Ƙusa kuwa kada ta kusanci fuskar saman, ranar da za ka goge shi ita za ta ci maka bakin filen.

Abu ɗaya kuma daga wancan na Faransa da ya kamata ka riƙe: fuskar ƙafafun gaba ta yi daidai da bakin saman, kada saman ya zarce su. Ta haka idan za ka goge gefen ƙofa ko dogon falanki, sai ka jingina shi da ƙafa da bakin tebur gaba ɗaya ka matse.

Maman 'Yan Biyu: Baba, ni tambayata tsayi ce. Ina yin firam na hoto da ƙananan akwatuna, teburin da nake aiki a kai na maigidana ne, kafaɗuna suna ciwo idan na daɗe ina gogewa.

Baba Kafinta Zariya: 'Yata, ya yi miki tsayi ne. Ki tsaya da takalmin da kike aiki da shi, ki saki hannu, a auna daga ƙasa zuwa wuyan hannunki. Nan ne tsayin teburinki. Filen da nauyin jiki ake tura shi, idan tebur ya yi sama sai kafaɗa ta ɗauki aikin. Kafin ki samu naki, ki haɗa ɗan dandamali na falanki ki riƙa tsayawa a kai.

Injiniya: A nan zan ɗan saɓa wa Baba. Awon wuyan hannu na mai yawan goge manyan falanki ne, yakan faɗo tsakanin inci 33 da 35 ga matsakaicin mutum. Mai ƙananan ayyuka, yanka da zana layi da huda, idan tebur ya yi ƙasa bayansa ne zai yi ciwo saboda sunkuyo. Ni nawa inci 37 ne. Shawarata ga Malam, ya bar ƙafafun da tsawo, ya yi aiki a kai na ɗan lokaci, ya rage idan ya ga dama.

Baba Kafinta Zariya: Ragewa ta fi ƙarawa sauƙi, na yarda da wannan. Amma a kan Maman 'Yan Biyu ina nan a kan bakana, tunda kafaɗa ta ambata.

Malamin Firamare: Saura bais, abin matse katako a jikin tebur lokacin aiki. Na tambayi kuɗin na kafinta a Ƙofar Ruwa, ya kusa kuɗin katakon duka.

Mai Walda Panteka: Nan kam ku bar mini. Ka samo tsohon jak ɗin mota, irin mai buɗewa kamar almakashi. Dogon sukurun da ke cikinsa da notinsa su ne bais ɗinka. A yi wa notin walda a kan farantin ƙarfe a kafa a bayan ƙafar gaba ta hagu, a sa wa sukurun hannu, ka samo katako mai tauri faɗin inci 6 ko 7 ya zama leɓen da zai matse. A ƙasa ka riƙa sa guntun katako daidai kaurin abin da ka matse don leɓen ya tsaya a miƙe. Idan ka samu sukurun ƙafar sikafol, ƙarafan da magina suke hawa, ya fi, ya fi kauri kuma ya fi sauri.

Baba Kafinta Zariya: Madalla da wannan. Ka ƙara da abu biyu masu arha. Na farko, turken katako mai kusurwa huɗu da zai ratsa saman kusa da ƙarshen hagu, ka buga shi ya fito ko ya nutse, shi katako zai tokara idan kana gogewa. Na biyu, ka je wajen maƙeri ya lanƙwasa maka rodi mai santsi kamar lamba 7, ya fyaɗa bakinsa. Ka huda ramuka a saman, su ɗan fi rodin faɗi kaɗan. Ka zura shi, bakin ya hau kan katakon aikinka, ka buga masa guduma a ka, ya kama. Ka buga ta baya, ya saki. Kaurin saman da Injiniya ya lissafa maka ya isa ya riƙe shi. Ka fara karɓo ƙarfen kafin ka huda, don ramin ya bi kaurinsa.

Matashi Mai Koyo: Oga, gara fa? Mu a shagonmu baƙin mai muke shafa wa komai.

Ɗan Yamai: A ƙasan ƙafafu kaɗai, ƙanena, ko solignum, maganin gara na shafa wa katako, idan da hali. Idan ka shafa baƙin mai a sama, duk farin katakon da ka ɗora sai ya ɗauki tabo, gam da fenti kuma ba za su kama wurin ba. Gara daga ƙasa take hawowa. Idan zauren daɓen siminti ne, a toshe tsagogin da ke ciki, a janye teburin daga jikin bango, a riƙa share ƙurar katako daga ƙarƙashinsa.

Maman 'Yan Biyu: Kuma kada a yi wa saman banish mai sheƙi, katako zai riƙa zamewa. Man linsid shafa ɗaya ko biyu ya isa, yana sa busasshen gam ya ɓamɓaru da sauƙi. Tsumman da aka shafa man da shi a shanya shi a buɗe, kada a dunƙule a jefa cikin tarin ƙurar katako, yana iya kamawa da wuta da kansa.

Malamin Firamare: Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda na tsaya. Tsawo ƙafa 6, faɗi ƙafa 2. Sama na malaina, tu-bai-fo a tsaye, zan sayi guda 9 a ƙarshen wata in jera su a zaure yadda Baba ya ce. Ƙafafu zan nema a wajen masu sayar da kayan rusau. Dogayen na bolti. Mai Walda, zan neme ka a kan maganar jak.

Mai Walda Panteka: Ina nan, Malam. Ni dai har yanzu ina ganin wata huɗu ya yi yawa mutum yana aiki a ƙasa. Ko jakai biyu na katako, wato ƙananan matokarai masu ƙafa huɗu, ka haɗa ka ɗora tsohuwar ƙofa a kai kafin lokacin.

Baba Kafinta Zariya: Wannan ya kamata ma, domin a kansu zai goge katakon teburin ya manna. Malam, idan ka kawo katakon ka zaɓi guda ɗaya ka ɗora a sikeli, ka rubuta nauyin da kwanan wata a jikinsa da fensir. Duk sati biyu ka sake aunawa. Randa ka ga awo biyu a jere nauyin bai sauka ba, ka turo mana hoto mu duba waɗanda suka murɗe kafin ka yanka.